Tiyatar yini ɗaya: Shirin da ake yi kafin aiki da jinyar da ke biyo baya a gida

Tiyatar yini ɗaya ita ce aikin fiɗa da ake tsara wa majinyaci tun da wuri, ya zo asibiti da safe, a yi masa, sannan a sallame shi kafin dare ba tare da an ba shi gado ba. A birnin Jos, asibitocin da mazauna Gada Biyu da Kabong da hanyar Rukuba suka fi zuwa duk suna yin ayyukan da suka dace da wannan tsari: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham da aka fi sani da Jankwano, da asibitin OLA da ke hanyar Zariya, da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, da kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, JUTH, da ke Lamingo.

Tsarin yana rage kuɗin gado, yana rage haɗarin kwasar cuta daga wasu majinyata, yana kuma barin gadaje ga waɗanda rashin lafiyarsu ya fi tsanani. Sai dai aikin da ma'aikatan jinya kan yi a daren farko, wato sa ido a kan jini da zazzaɓi da fitsari da numfashi, yakan koma wuyan mutanen gida. Shi ya sa likitoci ke auna gidan da mutum zai koma kamar yadda suke auna jikinsa.

Asalin tsarin

Wani likitan yara a Glasgow ta ƙasar Birtaniya, James Nicoll, shi ne ya fara bayar da rahoto mai yawa a kan wannan hanya a 1909, inda ya bayyana ayyuka kusan 9,000 da aka yi wa yara aka sallame su a ranar. A 1955 Eric Farquharson na Edinburgh ya nuna cewa ana iya ɗinke ƙaba da allurar kashe zafi, mutum ya taka da ƙafarsa ya tafi gida. A 1970 aka buɗe cibiyar Surgicenter a birnin Phoenix na Amurka, wadda aka keɓe don irin wannan aiki kaɗai, daga nan tsarin ya bazu.

Jos ma ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun ƙarshen shekarun 1990 likitocin tiyata na JUTH, ciki har da V. M. Ramyil da N. K. Dakum, suka riƙa wallafa nazari a kan yi wa masu ƙaba aiki ba tare da kwantarwa ba, da kuma dalilan da ke sa a ɗage aikin a ranar da aka sa. Muhimmancin hakan ya ƙara fitowa a 2015, lokacin da kwamitin mujallar Lancet kan tiyata a duniya ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 ba sa samun tiyata mai inganci da za su iya biya a lokacin da suke buƙata. Duk gadon da ƙaramin aiki bai riƙe ba, wani ne zai samu.

Ayyukan da ake yi da waɗanda ake yi wa

Ayyukan da aka fi yi ta wannan hanya sun haɗa da ɗinke ƙaba da gwaiwa, cire ƙullutun kitse a ƙarƙashin fata, cire ƙullutu a mama domin gwaji, kaciya, cire yanar ido, wankin mahaifa bayan ɓari, tsaga ƙurji mai mugunya, wasu ayyukan basir, da leƙa ciki ko mafitsara da na'ura mai kyamara. Abin da ya haɗa su shi ne ba su cika ɗaukar lokaci mai tsawo ba, ba a zubar da jini da yawa, kuma ƙwayoyin sha suna isa su danne zafinsu.

Ba kowa ne ya dace da tsarin ba. Mai hawan jini ko ciwon suga yana iya shiga muddin ciwon ya daidaita da magani. Mai ciwon zuciya ko ƙoda mai tsanani, da mai ƙiba sosai wanda numfashinsa ke yankewa cikin barci, da jaririn da aka haifa bakwaini, galibi kwantar da su ake yi. Mai sikila yana buƙatar lura ta musamman, domin sanyi da ƙishirwa da ƙarancin iska a jini su ne ke tayar da ciwon, kuma dukkansu na iya haɗuwa a ranar tiyata. A gari irin Jos, wanda ke kan tudu kimanin mita 1,200 kuma sanyin darensa a Disamba da Janairu kan sauka kusa da digiri 10, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Dole ne mai sikila ya faɗa tun ranar farko, ko da aikin cire haƙori ne.

Sai sharuɗɗan gida. Ana buƙatar baligi mai hankali da zai rako majinyaci, ya kuma kwana tare da shi. Ana buƙatar waya mai caji da kuɗin kira, da banɗaki da ruwa a kusa, da hanyar komawa asibiti cikin kimanin awa guda ko da tsakar dare. Wanda ya taso daga ƙauyukan Bassa ta hanyar Rukuba, zai fi masa ya nemi ɗan'uwa a cikin gari ya kwana wurinsa a daren farko. Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, faɗa wa likita gaskiya ya fi, domin a shirya gado.

Makonni biyu kafin ranar

Gwaje-gwaje sun danganta da shekaru da lafiyar mutum. Yawanci akan auna yawan jini da bugunsa da suga, a duba fitsari, wani lokaci a ƙara da rukunin jini da gwajin sikila, tsofaffi kuma a yi musu awon zuciya. Mace da ke cikin shekarun haihuwa za a tambaye ta ranar al'adarta ta ƙarshe, kuma idan akwai shakkar ciki a gwada.

Abin da ya fi gwaji amfani shi ne majinyaci ya tattaro duk magungunan da yake sha a leda ɗaya ya kai wa likita ya gani da idonsa. Magungunan tsinka jini irin su asfirin da warfarin da clopidogrel suna ƙara zubar jini, amma dakatar da su da ka na iya jawo shanyewar ɓarin jiki, don haka likita ne ke yanke ranar tsayawa da ranar ci gaba. Maganin suga da allurar insulin ana sauya adadinsu saboda kame bakin da za a yi. Yawancin magungunan hawan jini ana shan su da safiyar aikin da kurɓin ruwa, wasu kuma ana cewa a tsallake. Ƙwayoyin tazarar haihuwa ma suna cikin abin da ake ambata.

Jiƙe-jiƙe da sassaƙe da garin magani na gargajiya su ne aka fi ɓoyewa, sau da yawa don gudun faɗan likita, wani lokaci kuma don ba a ɗauke su magani ba. Wasu daga ciki, har da tafarnuwa da citta idan an sha da yawa, suna rage daskarewar jini, wasu suna wahalar da hanta da ƙoda waɗanda za su tace maganin barci. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a dakatar da su makonni biyu kafin aiki. Haka mai shan taba ko burkutu ko goskolo, da wanda ya saba da taramol ko kodin: likitan barci ba alƙali ba ne, yana tambaya ne domin jikin da ya saba da waɗannan yana karɓar allura daban da na sauran mutane. Barin taba, ko na 'yan makonni ne, yana taimaka wa huhu da warkewar ciwo.

Ta fuskar kuɗi, yana da kyau a nemi jimillar lissafi a rubuce: kuɗin aiki, na gwaji, na magani, da na gwajin naman da za a cire. Wanda ke cikin inshorar lafiya ta ƙasa a ƙarƙashin hukumar NHIA, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin NHIS, ko ta jiha a ƙarƙashin PLASCHEMA, ya kammala takardun amincewa kafin ranar, domin bin su da safiyar aikin yana cinye lokacin da aka ware masa.

Kame baki

Babu umarnin da ake karyawa kamar wannan, kuma babu wanda karya shi ya fi haɗari. Maganin barci yana kashe tari da haɗiya, waɗanda su ne ke tsare hanyar iska. Idan akwai abinci a ciki, yana iya tasowa ya gangara huhu tare da ruwan tsamin ciki, ya ƙona shi. Wannan yana iya kisa, ko da aikin na minti ashirin ne.

Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin barci suka amince da ita ita ce a daina cin abinci awa 6 kafin aiki, abinci mai maiƙo ko nama kuwa awa 8. Ruwa zalla ana iya sha har zuwa awa 2 kafin aiki, sai dai idan asibiti ya ba da wani umarni. Jariri yana iya shan nonon uwa har awa 4 kafin aiki, madarar gwangwani kuma awa 6. Inda aka fi samun kuskure shi ne a ma'anar ruwa. Koko da kunun gyaɗa da kunun tamba da fura da nono da shayi mai madara duk abinci ne a wannan lissafi, duk da cewa sha ake yi. Uwar da ta ga ɗanta yana kukan yunwa ta ba shi kunu cokali uku a ɓoye, tausayi ne ya sa ta, amma abin da ya wajaba a kanta shi ne ta faɗa. Za a jinkirta aikin ko a ɗage shi, kuma ɗagewa ta fi abin da ake gudu sauƙi.

Tsananta kame baki ma kuskure ne. Wanda ya daina shan ruwa tun magariba don aikin azahar yana isa ɗakin tiyata jikinsa a bushe, jijiyarsa da wuyar samu, ga jiri. Ko aikin da za a yi da allurar kashe zafi kaɗai, akan ce a kame baki, saboda ana iya komawa ga maganin barci a tsakiyar aiki.

Ranar aiki

Majinyaci ya yi wanka da sabulu, kada ya shafa mai ko hoda. Kada ya aske wurin da za a yanka da reza: ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2016 sun hana hakan, domin reza tana barin ƙananan yanka da ƙwayoyin cuta ke zama a ciki. Idan akwai buƙatar rage gashi, a asibiti ake yi. A cire zobe da 'yan kunne da haƙoran roba da jan farce. Baƙin lalle a farce na iya rikita na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iska a jini, don haka a bar ƙunshi sai bayan aiki. Wanda ya tashi da zazzaɓi ko tari mai majina, musamman yaro, a kira asibiti kafin a fito.

Mahaɗar Gada Biyu tana cunkushewa da safe, kuma zuwa Lamingo ratsa gari ne, saboda haka fita da wuri yana cikin shiri. A tafi da kati da sakamakon gwaji da tufafi masu faɗi da rigar sanyi.

Kafin sa hannu a takardar amincewa, majinyaci yana da haƙƙin a yi masa bayani da harshen da yake ji: me za a yi, wane haɗari ke ciki, akwai wata hanya dabam. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da Kundin Haƙƙin Majinyata da aka ƙaddamar a 2018 sun tanadi hakan. Za kuma a tambaye shi sunansa da aikin da za a yi da ɓangaren da za a yi wa, sau biyu ko uku. Maimaicin ba mantuwa ba ce. Yana cikin jerin tambayoyi 19 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, wanda a gwajin da aka yi a asibitoci takwas na ƙasashe daban-daban mace-mace bayan tiyata suka ragu daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari.

Hanyoyin hana jin zafi uku ne: allura a daidai wurin aiki, allurar baya wadda ke kashe jiki daga cibiya zuwa ƙasa na wasu awanni, da maganin barci gaba ɗaya. Bayan aiki ba a sallama sai mutum ya farfaɗo sarai, bugun jininsa ya daidaita, ya sha ruwa bai yi amai ba, ya taka da ƙafarsa, bandeji a bushe. Wanda aka yi wa allurar baya ko aikin ƙaba, akan jira ya yi fitsari. Idan likita ya ce a kwana, ba lallai ne wani abu ya ɓaci ba.

Umarnin sallama mai rakiya ne ya kamata ya saurara, domin wanda ya tashi daga maganin barci yakan amsa da "to" ya kuma manta. A rubuta sunan aikin, da lokutan shan magani, da ranar dawowa, da lambar da za a kira da dare.

Awa 24 na farko

Ba a komawa gida a kan babur. Mota ita ce ta fi, Keke Napep kuwa sai a ɗauke ta shata, a tafi a hankali. Har tsawon awa 24 mutum ba ya tuƙi, ba ya girki shi kaɗai, ba ya shan giya, ba ya sa hannu a wata yarjejeniya, ko da yana jin garau. A fara da ruwa, sai koko ko shayi, sai abinci mara nauyi kamar gwaten acca ko dafaffen dankali. 'Yan dubiya su yi haƙuri zuwa gobe. A lokacin sanyi a rufe majinyaci da bargo, amma kada a kwana da gawayi a rufaffen ɗaki: hayaƙinsa marar wari yana kisa, kuma wanda maganin barci bai gama sakinsa ba shi ne zai fi jinkirin farkawa.

Maganin zafi an fi so a sha a kan lokaci a kwana biyun farko, kafin zafin ya yi ƙarfi. Babban mutum kada ya wuce giram 4 na farasitamol a awa 24, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, kuma a tuna cewa magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi. Ibuprofen da diclofenac ba a haɗa su tare, kuma ba su dace da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ba. Ba a ba yaro asfirin. Taramol, idan likita ya rubuta, a tsaya a kan adadi da kwanakin da ya ce. Haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda a kemis, wanda mai sha bai san abin da ke ciki ba, babu wurinsa a wannan jinya.

Akwai alamomin da ba a jira wayewar gari a kansu: jini da ya jiƙe bandeji ya ƙi tsayawa bayan an danne minti goma, wahalar numfashi ko ciwon ƙirji, kasa yin fitsari awa takwas ga mara a kumbure, amai ba ƙaƙƙautawa, kumburi mai saurin girma a wurin aiki, ko barcin da ba a iya tayar da mutum daga shi. Ababen hawa kan yi wuya da dare, don haka a yi magana da maƙwabci mai mota tun da rana. A ajiye takardar sallama a kusa, tana da amfani a shingen jami'an tsaro, musamman idan an sa dokar hana fita. Dokar 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Ciwo da komawa harkoki

A bar bandeji a bushe na kwana ɗaya zuwa biyu ko yadda aka umarta, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa shi. Gasa ciwo da tsumma da ruwan zafi, wanda ake yi da niyyar narkar da mataccen jini, yana jiƙa ɗinki, yana iya ƙona fatar da ba ta gama dawo da ji ba. Toka da man shanu da garin kafso da ake barbaɗawa duk suna ɓata ciwo mai tsabta. Ba kowane aiki ne kuma ke buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Idan likita bai rubuta ba, ba mantawa ya yi ba. Zaren ɗinki wani yana narkewa da kansa, wani ana cirewa, a fuska bayan kamar kwana biyar, a ciki ko matsematsi bayan kwana bakwai zuwa goma.

Ruɓewar ciwo ta fi bayyana daga kwana na uku zuwa na bakwai: zafi da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ja da kumburi, mugunya, wari, zazzaɓi daga digiri 38. Ɗaukar kowane zazzaɓi a matsayin na cizon sauro yana sa a ɓata kwanaki. A gwada jini, a kuma buɗe ciwon a duba. Ciwon kai mai tsanani bayan allurar baya, wanda ke ƙaruwa a zaune ya lafa a kwance, yana buƙatar a sanar da asibiti. Kumburi da zafi a sha-raɓa ɗaya na iya zama gudan jini, kuma tafiya kaɗan-kaɗan a tsakar gida tun daga rana ta farko tana cikin abin da ke hana shi.

Bayan aikin ƙaba, akan hana ɗaga kaya mai nauyi makonni huɗu zuwa shida, gwargwadon abin da likita ya ƙayyade. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, don haka ɗibar ruwa, dako a kasuwa, daka da noma duk suna ciki. Ma'aikacin ofis yana iya komawa cikin mako ɗaya ko biyu, amma mai aikin ƙarfi da ke ci daga abin da ya samu a yini yana buƙatar tanadin wata guda, kuma wannan lissafi ne da ya kamata iyali su yi kafin a sa rana. Ruwa da yawa da ganye da gwanda suna hana taurin bayan gida, wanda yunƙurinsa ke takura ɗinki.

Wanda aka cire wa yanar ido ya kiyaye ƙurar hunturu da hayaƙin murhu, kada ya murza idon ko ya sa kwalli, ya ɗiga magani a kan lokaci, ya dawo washegari a duba. Musulmi yana iya yin salla a zaune, ya yi shafa a kan bandeji ko taimama har likita ya yarda ruwa ya taɓa wurin, haka mai zuwa coci ya bar durƙuso da doguwar tsayuwa na 'yan kwanaki.

Ranar dawowa asibiti tana nan ko da ciwo ya warke. Wannan ya fi shafar wanda aka cire wa ƙullutu, musamman a mama. Naman da aka cire ana kai shi ɗakin gwaji, sakamakon yakan ɗauki makonni, kuma shi ne ke nuna ko ƙullutun na banza ne ko kuwa farkon sankara ne da ke buƙatar ƙarin magani. Kafin barin asibiti a tambayi inda aka kai naman, da lambar rasit, da ranar karɓar sakamako, sannan a kai takardar ga likitan da ya yi aikin ya karanta.